Ɗana a Kanada ya ce wiwin da yake sha tatacce ne, babu sinadari a ciki: gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Kanada. Ɗan ƙanwata da suke gari ɗaya ya tsegunta min cewa yana shan wani abu mai danƙo a 'yar kwalba, wai shi rozin. Da na titsiye shi a waya bai musa ba. Ya ce a can doka ta yarda, kuma wannan ba irin wiwin 'yan tasha ba ne, tatacce ne, ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, daga ruwa da ƙanƙara sai zafi. Shin gaskiya ne? Me ya sa suke rububinsa haka? Kuma da gaske ya fi wiwin da muka sani sauƙin illa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.

Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma na daɗe ina zama da iyalan da shaye-shaye ya shiga gidajensu, don haka ta wannan fuskar zan ba ki amsa. Hukuncin addini kan abin da ke gusar da hankali sananne ne, ba sai na maimaita miki ba.

A kan yadda ake yin abin, yaron bai yi miki ƙarya ba. Gara ki san haka tun yanzu, domin idan kika kira shi kika ce ai guba ce aka cakuɗa masa da hoda, zai gane ba ki san abin ba, daga nan sai ya riƙa ce miki "to Mama" alhali kunnensa a toshe yake. Wurin da lissafinsa ya ɓaci daban ne, za mu zo kansa.

Idan aka ɗauki furen macen tabar wiwi aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga wasu 'yan mitsi-mitsin gashi sun lulluɓe shi, kowanne da ɗan kai zagayayye mai sheƙi, cike da danƙo. A cikin waɗannan kawunan ne kusan duk abin da ke sa maye yake, wato sinadarin THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka fara ware tsantsarsa a Isra'ila a 1964. Nan ne kuma ƙamshin shukar yake. Ganyen da karan, a wurin mai neman buguwa, kusan haki ne kawai. Duk wani tataccen wiwi da za ki ji, ko wane suna aka laƙaba masa, dabara ce ta raba waɗannan kawunan da sauran shukar.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. A tsaunukan Rif na arewacin Maroko, wajejen Ketama, manoma na busar da shukar, su ɗora ta kan ƙyalle mai laushin saƙa da aka ɗaure a bakin roba, su rufe, su yi ta bugu da sanduna har garin danƙon ya zube ƙasa, sannan a dunƙule shi. Shi ne hashish ɗin da ya cika kasuwannin Turai. A Afganistan da kwarin Bika na Labanon ma tankaɗe ake yi. A Nepal da kwarin Parvati na Indiya kuwa, da tafin hannu ake murza ɗanyen furen har danƙon ya taru baƙi ƙirin, a kankare shi, su kira shi caras. Abin da ake tallatawa yau a Toronto da Kalifoniya da sunan sabon yayi, sana'ar manoman dutse ce aka sa wa injina da firij.

To daga ina maganar "ba sinadari" ta samo asali? Ki tuna yadda ake fitar da man gyaɗa. Mata a gida su soya, su niƙa, su yi ta tuƙi da ɗan ruwan zafi har mai ya taso, a bar tunkuza a yi ƙuli-ƙuli. Manyan kamfanoni kuma sukan jiƙa abin da wani ruwa dangin fetur da ake kira heksen, ya kwashe man tas, sannan a ɗumama a kori ruwan. Haka tatar wiwi ta rabu gida biyu: masu narkarwa da sinadari, da masu matsa.

Masu narkarwa su suka fara cin kasuwa a Amurka. Sun gano cewa iskar gas ta butan, irin wadda ake ɗura wa leta, tana kwashe danƙon cikin sauri da araha. Matsalar ita ce gas ɗin ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan ɗaki, tartsatsi ɗaya daga firij ko sigari ya isa ya tashi gida. Bayan jihar Kolorado ta fara sayar da wiwi a shaguna a watan Janairun 2014, an yi ta samun gidajen da suka fashe da mutanen da aka kai asibiti da ƙuna, har jihar ta mai da yin hakan a gida babban laifi a 2015. Ga kuma fargabar ragowar gas ɗin da ke maƙalewa a cikin kayan idan ba a kore shi da kyau ba.

Abin da ya ƙarasa tsorata masu sha ya faru ne a 2019. Matasa a Amurka suka fara faɗuwa da wata cutar huhu, wasu har sai an sa musu injin numfashi. Da aka bi diddigi, sai aka gano yawancinsu sun zuƙi man wiwi na bayan fage a sigarin lantarki, wanda dillalai suka sirka da wani mai mai kauri, bitamin E asitet, don ya yi auki. Zuwa watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da abin ya kwantar, 68 daga ciki sun mutu. Tun daga lokacin, duk wanda ya iya rubuta wa kayansa "ba a ƙara komai ba", kasuwarsa ta buɗe.

Masu matsa kuwa sun daɗe suna nasu a gefe. A shekarun 1990 wata 'yar kasuwa a Amsterdam, Mila Jansen, ta shahara da ƙera na'urorin tankaɗe da jakunkunan tacewa da ruwan ƙanƙara. Hikimar ita ce sanyi yana sa kawunan danƙon su yi tauri su karye daga jikin furen, kuma da yake ba sa narkewa a ruwa, sai a tace su a busar. Wajen 2015 kuma aka fara yaɗa a intanet cewa idan aka matse furen ko wannan garin tsakanin ƙarafa biyu masu ɗumi, man zai tsatso da kansa. Wannan man shi ne rozin. Mafi tsadarsa shi ne wanda ba a bar shukar ta bushe ba, ana yanke ta aka jefa ta a injin daskarewa, don kada ƙamshin ya tashi.

Ƙamshin nan kada ki raina shi, domin shi ne rabin sirrin abin. Shukar wiwi tana da sinadaran ƙamshi iri ɗaya da waɗanda ke cikin ɓawon lemo da mangwaro da barkonon masoro. Busarwa da ƙonawa suna kashe yawancinsu. Wanda ya saba da warin hayaƙin wiwi a bayan tasha, idan aka buɗe masa kwalbar rozin zai sha mamaki: abu ne fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, mai taushi, yana tashin ƙamshin kayan marmari. A shagunan da ke da lasisi a cikin firij ake ajiye shi, a 'yan kwalabe masu cin giram ɗaya, da sunan nau'in shukar, wani lokaci har da sunan gonar. Masu sha suna ba garin daraja da taurari daga ɗaya zuwa shida, mai shida shi ne wanda ke narkewa ƙaƙaf ba ya barin toka. Har gasa ake shiryawa a ba da kofi. Kuma da yake ɗan abin da ake samu daga tulin fure kaɗan ne ƙwarai, kuɗinsa ya ɗara na sauran nau'o'in nesa ba kusa ba.

Ina ganin a nan ne abin ya fi kama yara irin naki. Yaron da ya tashi a gidan mutunci, wanda ko a mafarki ba zai tsaya a lungu ya karɓi ƙunshi a hannun ɗan daba ba, sai ga shi a shago mai haske da na'urar sanyaya ɗaki, ma'aikaci na yi masa bayani cikin ladabi, ga takardar gwajin ɗakin bincike, ga hatimin harajin gwamnati a jikin kwalin. Babu jan leɓe, babu ƙaurin hayaƙi a riga, domin ba ƙona shi ake yi ba: ana zafafa wani ɗan kofi na gilashi a jikin lofe, a ɗiga masa ɗan kaɗan, ya zama tururi, a zuƙe lokaci guda. Duk alamomin da aka koya masa cewa su ne na ɗan wiwi babu ko ɗaya a jikinsa. Shi ya sa da zuciya ɗaya ya ce miki wannan daban ne.

Masu tallar suna kuma cewa haɗuwar THC da sinadaran ƙamshin tana ba da wani amfani na musamman ga lafiya wanda ba a samu idan an raba su. Ra'ayi ne da masana ke bincike a kai, amma hujjar da aka samu a jikin ɗan Adam ba ta taka kara ta karya ba. Magungunan da aka fitar daga wiwi aka kuma amince da su suna nan, kamar Epidiolex da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Amma shi sinadarin CBD ne, wanda ba ya bugarwa, kuma likita ke auna shi gwargwadon nauyin yaro. Ba shi da haɗi da kwalbar ɗanki.

Yanzu ga inda lissafin ya ɓaci. Tacewa tana cire datti ne, ba ta cire THC. Hasali ma duk wahalar don a tara shi wuri guda ake yin ta. Kuma abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa a cikin wiwi ba ganyen ba ne, ba gas ɗin leta ba ne, THC ɗin ne da kansa.

Wiwin da 'yan sanda ke kamawa a Amurka a 1995, matsakaicin ƙarfinsa kusan kashi 4 cikin 100 ne na THC. Zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Furen da ake sayarwa a shagunan Kanada yanzu yakan wuce kashi 20. Rozin kuwa yawanci tsakanin kashi 60 ne zuwa 80. Ki ce ya karanta miki abin da ke jikin kwalin, domin doka ta tilasta a rubuta. Idan ya ce miki miligiram 750 a kowane giram, to kashi 75 ke nan. Wato 'yar kwalbar nan tana ɗauke da THC daidai da na giram 15 na wiwi mai ƙarfin kashi 5. Ita gwamnatin Kanada da ta halatta, idan alawa ce ko biskit na wiwi, ba ta yarda fakiti ɗaya ya wuce miligiram 10 ba. Ci da zuƙa ba ɗaya ba ne a jiki, amma tazarar ta isa ta nuna miki girman abin. Lardin Kwibek na Kanada ya ƙi yarda a sayar da tataccen wiwi da ya wuce kashi 30, jihar Vermont ta Amurka ta tsayar da nata a 60. Ba don suna zargin datti suka yi haka ba.

Zai iya ce miki ai ɗan mitsitsi yake ɗiba, kuma ba ya jin ya fi mai shan ganye buguwa. Wannan ma yana da ƙamshin gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta goyon bayansa. Masu bincike a Jami'ar Kolorado da ke Boulder sun auna jinin masu shan tatacce da masu shan fure, suka wallafa sakamakon a 2020. Masu tatacce THC ɗin da ke jininsu ya ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu, amma buguwar da suka ce suna ji kusan ɗaya ce. Ma'anarsa jikinsu ya riga ya saba. Ƙwaƙwalwa tana da wasu ƙofofi da THC ke shiga ta cikinsu, ana kiran su CB1, waɗanda aka halitta don sinadaran da jiki ke yi da kansa masu daidaita barci da cin abinci da natsuwa. Idan aka yi ta yi musu ambaliya kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage yawansu don kare kanta. Daga nan ganye ya daina yi wa mutum komai, sai tatacce. Ranar da bai samu ba kuma sai faɗa da kowa, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ransa, mafarkai su yi masa yawa. Yawanci abin yakan fara kwana ɗaya ko biyu da dainawa, ya yi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako biyu, ko da yake barci kan ɗan jima kafin ya daidaita. Abin daɗin ji shi ne hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙofofin suna komawa kusan yadda suke bayan kamar wata ɗaya da dainawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne taɓin ƙwaƙwalwa. A 2019 Marta Di Forti ta kwalejin King's da ke Landan da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a wurare 11 a Turai da Barazil. Masu shan wiwi kullum, haɗarin kamuwarsu da taɓin hankali irin na jin muryoyi da zargin ana bin mutum ya ninka na wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku. Idan mai ƙarfi suke sha kullum, kusan sau biyar. Ki lura da abin da suka kira mai ƙarfi: wanda ya kai kashi 10. Wani babban bincike kuma a Denmark, wanda ya bi bayanan lafiyar mutum kusan miliyan 7 aka fitar a 2023, ya ƙiyasta cewa a cikin maza 'yan shekara 21 zuwa 30, har kusan kashi 30 na masu cutar sikizofireniya, wato taɓin hankali mai tsanani, da wataƙila ba su kamu ba in ba don jarabar wiwi ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ɗanki ya gama lalacewa. Yawancin masu sha ba sa haukacewa, kuma wiwi ba ya tsayar da numfashi yadda tiramol da kodin ke yi. Haɗarin ya fi taruwa ne a kan wanda ya fara da ƙuruciya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, da mai sha kullum, da wanda a danginsu akwai mai taɓin hankali. Wannan na ƙarshen ke kika fi kowa sani. A gidajenmu akan ɓoye irin wannan, a ce wane iska ce ta taɓa shi, yara su tashi ba su san komai ba. Idan akwai, ta wajenki ko ta wajen mahaifinsa, ki faɗa masa ƙarara. Yana da haƙƙin ya sani.

Akwai wata cuta kuma da iyaye ba su san da ita ba, wadda likitoci a Ostireliya suka fara bayyanawa a 2004. Yaro ya tashi da asuba da tashin zuciya da murɗar ciki, ya yi ta kelaya amai kwana biyu ko uku har ya galabaita, a sa masa ruwa, ya warware, bayan makonni abin ya dawo. A nan gida sai a yi ta ɗirka masa maganin olsa da taifot. Alamar da ke tona asirin ita ce banɗaki: za ki ga ya shige yana ta kwarara wa kansa ruwan zafi, ya fito, ya sake komawa, domin shi kaɗai ke ba shi sauƙi. Abin takaicin, da yake ya ji ana cewa wiwi na maganin amai, sai ya ƙara sha. Maganinta ɗaya ne, dainawa.

Ita kanta tsabtar da yake tinƙaho da ita tana da iyaka. Gyaɗar da ta yi funfuna, ko da hannu aka matse ta, gubar tana iya bin man. Haka idan an yi wa shukar feshin maganin ƙwari, danƙon ne ke riƙe shi, matsa kuma tara shi take yi tare da THC ɗin. Akwai wani maganin feshi, maikulobutanil, da ke fitar da iskar guba ta sayanayid idan ya ji wuta, an kuma taɓa janye kayan wasu kamfanoni masu lasisi a Kanada saboda shi. Sannan masana a Jami'ar Portland State da ke jihar Oregon a Amurka sun nuna a 2017 cewa idan kofin gilashin ya yi zafi fiye da kima, su sinadaran ƙamshin da ake yabo suna rikiɗewa su ba da abubuwa masu cutar da huhu, har da wani sinadari mai guba da ake kira benzin. Na shagon lasisi dai ana gwada shi, wannan gaskiya ne. Na hannun aboki kuwa, kowa na iya buga takarda ya manna.

Idan aka kwatanta da abin da ke yawo a titunanmu, kamar wanda ake kira Kolos, wanda sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, to i, na ɗanki an fi sanin abin da ke cikinsa. Iyakar abin da zan iya ba shi ke nan.

Da ni ce ke, ba zan fara da kuka ko barazanar yanke kuɗin makaranta ba. Zan tambaye shi cikin natsuwa: sau nawa a mako? Da safe ma yana sha kafin ya shiga aji? Yana iya barci ba tare da shi ba? Nawa yake kashewa a wata? Tunda ya ce bai kama shi ba, ki nemi ya ajiye na wata ɗaya cur, ku riƙa waya kullum. Idan ya iya, alhamdu lillahi, kun sami wurin tsayawa ku yi magana. Idan ya kasa wuce kwana huɗu, shi da kansa zai ga abin da ke ƙasa, kuma jami'o'in Kanada suna da asibitin ɗalibai da masu ba da shawara a asirce. Amma idan kika ji ya fara cewa abokan ɗakinsa na haɗa masa makirci, ko ana magana da shi ta cikin bango, ko ya kwana biyu bai runtsa ba yana ta zuba, wannan ba na jira ba ne. Ɗan ƙanwarki ya kai shi sashen gaggawa a ranar.

Saura doka, domin "a can an yarda" ba ta da faɗin da yake zato. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoban 2018, tatacce kuma bayan shekara ɗaya. Amma tuƙi da THC a jini laifi ne, akwai ma'aunin da aka gindaya, kuma mai shan tatacce kullum yana iya haura shi ko da ba ya jin komai. Tun Disamban 2018 tuƙi cikin maye ya shiga sahun manyan laifuffukan da ke iya sa a kori baƙo daga ƙasar, ɗalibi mai biza kuwa baƙo ne. Haka kuma fita da wiwi daga Kanada, komai ƙanƙantarsa, laifi ne a dokarsu, shigowa da shi Najeriya laifi ne a tamu. Hukumar NDLEA ta sha sanar da kama wiwin Kanada a tashoshin jiragen ruwa na Legas, ɓoye cikin motocin da aka shigo da su, don haka idonta na kan duk abin da ya fito daga can, kuma babu ruwanta da hatimin da ke jikin kwalin. Ki sa ya zazzage jakunkunansa da aljihunan rigunan sanyinsa kafin ya hau jirgin dawowa hutu.